Abin da Jarumin Fim Ke Yi Idan Ya Yi Shiru

Garin Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin tsohon zango ne. Ayarin fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro a nan suke sauke kaya, jakuna su sha ruwa, madugu ya ji labarin hanya, kafin a miƙa zuwa Salaga. Parakou kuwa, mai tazarar kilomita 130 da 'yan kai daga Djougou, ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kwatano, kuma daga nan manyan motoci suka saba kwasar kaya su nufi Malanville, su haye kogi su shiga Gaya ta Nijar. A garuruwan nan biyu akwai Hausawan da suka yi kaka da kakanni, amma harshen kasuwa Dandanci ne, ga Barganci, ga Fulatanci, ga Yarabanci, makaranta kuma da Faransanci ake yin ta. Hausa tana nan, sai dai ba Hausar Ƙofar Mata ta Kano ba ce.

Fim ɗin Hausa ya bi sawun fataken nan. Da farko a kaset, daga baya a faifai, yanzu kuma a cikin waya da tashar Arewa24 da YouTube. To ka ɗauki mai kallon da Hausarta ta ciniki ce, ta saye da sayarwa a kasuwar Arzeke ta Parakou. Habaicin matan Kano zai wuce ta, karin magana uku cikin biyar ba za ta kama su ba. Amma tun kafin a je rabin fim ta riga ta gane wane ne maƙaryaci, wace ce ke haɗiye baƙin ciki, wane ne ke son wance yana jin nauyin faɗa. Me ta karanta? Ba rubutun marubuci ba, domin rabinsa ya zube a hanya. Jikin ɗan wasa ta karanta, da idonsa, da yadda numfashinsa ya sauya. A ganina a nan ake gane gwani, kuma mai kallon Djougou ya fi na Kano iya tantance shi, saboda daɗin baki ba ya ruɗar sa.

Mu ma haka muka yi da fim ɗin Indiya. Shekara da shekaru mutanen Kano na cika sinimomin Plaza da Orion da Marhaba suna kallon Mother India na 1957, ba fassara, ba kowa a cikinsu da ke jin Indiyanci, amma ana fitowa ido ya yi ja saboda Nargis. Har laƙabi aka ba jarumansu: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Fassarar Hausa ta Algaita ta zo ne daga baya, bayan an gama soyayya da mutanen. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma sana'ar fim gaba ɗayanta a kan wannan magana take tsaye.

Sai dai fuskar ba banza take magana ba. Aiki ne, kuma mafi yawansa mai kallo ba ya ganin sa.

Fara da abin da ya fi ɗaure wa baƙon lokeshan kai: ba a ɗaukar fim a jere. An ari gidan wani attajiri na kwana ɗaya ko biyu, dole duk wani sin da ya faru a falon nan a gama shi kafin a fita. Da safe jaruma amarya ce ana kawo mata lefe. Kafin azahar an sake ta, tana haɗa akwati. Bayan la'asar ta koma budurwa, saurayin ya zo zance karon farko, ba ta ma san halinsa ba. Dole ta riƙe labarin duka a kanta, ta san a kowane sin nawa ta sani, nawa ba ta sani ba tukuna, wane ciwo ta riga ta ji, wanne ke gaba. In ta kawo wa zancen farko idon matar da ta sha wuya, fim ya lalace, ko da ba wanda zai iya nuna inda ya lalace. Mai kwantiniti zai tuna mata kalar ɗankwalin da ta ɗaura, amma ba mai tuna mata nauyin zuciyar da ta shigo da shi. Wannan nata ne.

Ga kuma maimaici. Yawancin finafinanmu da kyamara ɗaya aka ɗauke su. Za a yi sin daga nesa, a sake daga rabin jiki, a sake a kan fuskar wannan, a sake a kan fuskar wancan. Duk wanda ya ɗauki kofi da hannun dama a karon farko, da dama zai ɗauke shi a karo na shida, kuma a daidai kalmar da ya ɗauke shi, in ba haka ba edita ba zai iya haɗa hoton ba. Ƙafa tana da alamar da za ta tsaya a ƙasa, in ta gota hoto ya dushe, kuma ba a yarda ka kalli ƙasa neman alamar ba. Wani lokaci abokin wasan ma ya tafi wani lokeshan, sai darakta ya ɗaga tafin hannunsa a gefen kyamara ya ce ga mahaifiyarka nan, roƙe ta gafara. Janareto na ruri, yaran unguwa sun yi dandazo suna leƙe, an kusa kaiwa ƙarshe sai mai adaidaita sahu ya danna ham, a ce kat, a koma farko. A cikin wannan hali ake son mutum ya karaya kamar yanzu aka gaya masa rasuwa. A karo na shida.

Abu na gaba shi ne ragewa. Iyayen wannan sana'a daga daɓe suka fito da rediyo da talabijin: ƙungiyoyin dirama na Kano irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, kuma Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga tarihin kasuwar daga kansa. A daɓe sai ka ɗaga murya, ka ware hannu, domin na layin baya ya gani. Kyamara kuwa tana zuwa har gaban hancinka. Abin da zai yi daidai a daɓe, a nan ihu ne. Ɗaga gira kaɗan ya isa, haɗiyar yawu ta isa. An ruwaito cewa wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov, a farkon ƙarnin da ya wuce, ya ɗauki hoton fuskar jarumi guda wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yaba yadda jarumin ya nuna yunwa, da alhini, da sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta motsa ba. Darasin da 'yan fim suka ɗauka shi ne mai kallo ma yana aiki, yana zuba nasa a cikin fuskar da aka bar masa sarari. Jarumin da ya cika fuskarsa da motsi ya hana mai kallo wurin zama.

Shi ya sa ni ba na auna ɗan wasa a lokacin da yake magana. Ina kallon sa ne lokacin da wani ke yi masa magana. Mai koyo jira yake a gama ya faɗi nasa, kana iya ganin layinsa yana yawo a bayan idonsa. Gwani kuwa sauraro yake, kamar bai taɓa jin maganar ba, alhali ya ji ta sau goma tun safe. Dubi Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu a Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a 2020. Mutane sun riƙe maganganunsa, amma abin da ya sa rol ɗin ya zauna shi ne abin da yake yi kafin ya buɗe baki: idon da ke lissafin abin da zai samu tun mai magana bai rufe baki ba, da murmushin da ke zuwa a makare kaɗan, wanda ke gaya maka ba daga zuciya ya fito ba. Kowa ya san irin wannan dattijo a unguwarsu. Ko Sani Mu'azu a Kwana Casa'in, Gwamna Bawa Maikada, wanda bai cika bukatar ɗaga murya ba, domin zamansa a kujera ya riga ya sanar da kai wane ne mai gari.

Akwai kuma abin da ya keɓanci ɗan wasan Hausa, wanda a nan nake ganin ya cancanci jinjina fiye da yadda ake yi masa. An ɗaure masa hannu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ma al'adar masu kallon kansu, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba, ko da a labarin mata da miji ne, ko uwa da ɗa. Wanda ya manta da tsananin wannan doka ya tuna abin da ya faru a 2016, lokacin da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ. Jarumin Amurka in ya rasa abin yi sai ya rungume abokiyar wasansa, an wuce wurin. Namu ba shi da wannan mafita. Mace za ta ga mijinta ya dawo bayan an fitar da rai da shi, kuma tsakaninta da shi akwai taku biyu da ba za ta ƙetare ba. Duk abin da runguma za ta faɗa, dole ya fito ta wata ƙofa: ƙafar da ta ɗaga ta mayar, hannun da ya kama bakin mayafi ya murɗe, sannu da zuwan da ta maƙale a maƙogwaro.

Dokar ta takura, ba musu. Amma ta tarar da al'adar da dama can ta ƙware wajen faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba. Ɗauki uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabon sa a gaban mutane, in ya yi rashin lafiya ita ce ta ƙarshe da za ta nuna damuwa. Jarumar da aka ba rol ɗin wannan uwa an ba ta aiki biyu a lokaci guda: ta ɓoye son daga mutanen da ke cikin ɗakin, ta kuma nuna shi ga mu da ke kallo. Iyayen fim irin su Hajara Usman sun san wannan hanya. Kallo ɗaya ta gefen ido lokacin da ya juya zai fita, sai a kawar da kai a ci gaba da tsintar shinkafa. Haka gaisuwa. Tsawonta da gajartarta, wanda ya fara, wanda ya durƙusa da iya inda ya durƙusa, lafiya lau ɗin da aka amsa ba a ɗago ba, duk labari ne. Alhajin da ya naɗe hannun babbar riga ya ɗora a kafaɗa a tsakiyar magana ya gama yanke hukunci. Dattijon da carbinsa ya tsaya cak ya ji abin da bai so ba. Wannan harshe ne da mutumin Djougou ke ji sarai, domin a gidansu ma haka surukai ke zama da juna, ko da Dandanci suke yi.

Kuka, wanda masu kallo suka fi yabawa, shi ne ma mafi arha. Man zafi a ƙarƙashin ido yana kawo hawaye. Mai wuya shi ne mutum ya cika fal ya hana kansa zubarwa, mu da ke kallo mu yi kukan a madadinsa.

Wani ƙarfin da magabatan Kannywood suka zo da shi daga ƙungiyoyin dirama shi ne ƙirƙirar magana nan take. Shekaru da dama ba kowane fim ke da cikakken rubutu ba. Darakta zai ce, kai ka zo biko, ke kuma ba za ki koma ba sai ya kori ƙanwarsa, akshin. Sauran ya rage naku. Wannan ya haifar da surutu marar kan gado a finafinai da yawa, gaskiya ne, amma ya kuma haifar da mutanen da Hausa ke gudana a bakinsu ba gargada. Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A tsakiyar shekarun 1950 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Jaguar da wasu 'yan Nijar uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, suna tafiya ci-rani zuwa Gana ta arewacin ƙasar da a lokacin ake kira Dahomey, wato Benin ta yau. Ba rubutu, ba ma na'urar ɗaukar murya. Sai daga baya suka zauna suna kallon hoton suna ɗora masa magana daga kansu.

Sarkin wannan fage a wurinmu marigayi Rabilu Musa Ibro ne, mutumin Ɗanlasan, tsohon gandiroba, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014. Ana yawan raina wasan barkwanci, ana kiran finafinansa camama, kamar abin da ake yi ba shiri. Amma duk wanda ya taɓa ba da labarin ban dariya aka yi tsit ya san cewa dariya lokaci ce. Ka riga ta da daƙiƙa ɗaya, ta mutu, ka makara, ta mutu. Ibro ya san tsawon shirun da zai yi kafin ya zaro ido, ya san lokacin da zai tsaya da gudu ya waiwayo. Tafiyarsa kaɗai ta isa ta sa yaron da bai jin Hausa ko kalma ɗaya ya faɗi ƙasa. Asalin wannan ba daga Indiya ya zo ba. Daga tashe ya zo, da 'yan kama, da wawan sarki, da yaran da ke manna gemun auduga cikin azumi su kwaikwayi tsoho har tsohon ya yi dariya. Kafin Ibro akwai Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, Banufe kuma tsohon soja, wanda ya mai da gurɓatacciyar Hausar bariki abin da Arewa duka ke jira a rediyo da talabijin. Ya rasu a Nuwamban 2023. Akwai Ƙasimu Yero na Ƙarambana, wanda ya iya sa ka dariya da Hausa, ya juya ya zama Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn da Turanci ya sa ka tsane shi. Ya rasu a 2017.

Maganar tsana ta kawo mu ga masu fitowa a mugaye, waɗanda su ne suka fi biyan kuɗin gwanintarsu. Zalika Souley ta Yamai, wadda ta fara fim a 1966 a hannun Moustapha Alassane, ta fito a kishiya mai zafin kishi a Wazzou na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Mutanen gari suka kasa raba ta da matan da take kwaikwayo, ta sha tsangwama, kuma Rahmatou Keïta ta ba da labarin rayuwarta a fim ɗin Al'lèèssi. Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, ta shafe fiye da shekara ashirin tana fitowa a muguwar uwar miji da kishiya da mai bin bokaye, alhali waɗanda suka zauna da ita raha da barkwanci suke tunawa. Sirrin muguntar Daso a fim shi ne ba ta taɓa wasa kamar ta san ita muguwa ce ba. Matar da take kwaikwayo gani take ita aka zalunta, kuma hakkinta take karɓa. Mai koyo yana haɗe rai don ya nuna mana mugu. Daso dariya take yi, mu kuma gabanmu ya faɗi.

Benin ɗin ma ta ba duniya misali. Djimon Hounsou, haifaffen Kwatano a 1964, ya yi suna ne da Amistad na Steven Spielberg a 1997, inda ya fito a Cinqué, jagoran bayin da suka ƙwace jirgi. Kusan duk maganarsa a fim ɗin da harshen Mende na Saliyo ya yi ta, harshen da ba nasa ba, sai da ya koya, kuma mafi yawan masu kallo ba sa jin sa. Duk da haka shi aka fito ana zance. Daga baya sau biyu sunansa na shiga takarar Oscar, da In America da kuma Blood Diamond. A gida kuma ga Hadiza Gabon, wadda ta taso a Libreville ta zo ta zama ɗaya daga cikin manyan jaruman Kannywood, ga Maryam Booth da ta ci kyautar AMAA a 2020 da The Milkmaid, fim ɗin da alƙalan da suka zaɓe ta ba duka ke jin Hausa ba.

Ba zan ce duk wanda ya tsaya gaban kyamara a Kano ya iya ba. Tun da dogayen shirye-shirye suka karɓe kasuwa, daga Daɗin Kowa zuwa Izzar So da Gidan Badamasi, ƙofa ta buɗe, kuma da yawa sun shigo da kyan fuska da yawan mabiya a TikTok kawai. Za ka ga yarinya ta farka daga barci da jan baki da gashin ido, ko an ce mata mahaifinta ya rasu tana lura da kada hoda ta ɓaci. Za ka ga saurayin da fushinsa ɗaya ne, ihu, ko kuɗinsa aka sace ko shayinsa ya huce. Amma dogon shirin ya kuma yi wa gwanaye rana, domin rol ɗin da mutum zai riƙe shekara uku ko biyar yana ba shi damar tsufa a cikinsa, ya samo masa tafiya da tari da yadda yake zama, har a manta sunansa na yanka a riƙa kiran sa da na shirin.

Abin da ya rage shi ne yadda ake riƙe masu wannan ilimi. A 2022 Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin diramar talabijin, ta gaya wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim. Wasu furodusoshi sun musa, sun faɗi abin da suka biya ta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ko wane ne ya fi gaskiya, kowa ya san hoton saurayi da budurwa ake sawa a fasta, kuɗin ma can ya fi tafiya, alhali sau da yawa tsohuwar da ta fito a sin uku ita ce ta riƙe fim ɗin. A 'yan shekarun nan mun binne Samanja, mun binne Daso, mun binne Karkuzu, kuma ba wanda ya zauna da su ya ɗauki yadda suke gina rol daki-daki don na baya. Akwai makarantar koyon fim a Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya wadda aka ba Ali Nuhu shugabancinta a Janairun 2024. Ya kamata a kira dattawan da suka rage, maza da mata, a ba su aji da albashi su koyar, a kuma ɗauki darasin a kyamara. Furodusoshi kuma su biya su kuɗin gwani, ba kuɗin mota ba.